Daga Kan Maigida Zuwa Rumbun Kwamfuta: Yadda Masana'anta Ke Riƙe Tarihin Abin Da Ta Ƙera

Gabatarwa

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Tsafe, ta ratsa Gusau, ta nufi Bunguɗu, ba zai rasa ganin rumfunan maƙera da na masu walda a gefen titi ba. A irin waɗannan rumfuna ne ake ƙera ƙofofi da tagogi, da amalanke, da garmar shanu, har da injunan casar masara da na ɓarar gyaɗa. Galibi akan tarar da maigida ɗaya da yara huɗu ko biyar. Ba kasafai ake zana abin da za a ƙera a takarda ba, domin tsawo da faɗi da kaurin kowane ƙarfe suna cikin kan maigida. Idan manomi ya dawo da injin da ya lalace, kallo ɗaya maigida zai yi masa ya tuna lokacin da ya ƙera shi da irin ƙarfen da ya sa masa.

Wannan tsari yana tafiya daidai muddin rumfar tana ƙarama. Amma idan kasuwa ta buɗe, aka ce ana son injuna ɗari biyu kafin kaka, ma'aikata suka tashi daga biyar suka koma arba'in, aka kuma buɗe reshe a wani gari, to a nan ne kan mutum ɗaya yake kasa ɗaukar kayan. Manyan kamfanonin da ke ƙera motoci da jiragen sama da wayoyin hannu duk sun bi ta wannan mataki. Maganin da suka samo shi ne wata manhajar kwamfuta mai kula da rayuwar kayan ƙira tun daga zane har zuwa ranar da za a jefar da su, wadda injiniyoyi ke taƙaita sunanta da haruffa uku, wato PLM. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da manhajar ke yi, da yadda masana'anta mai saurin girma ke karɓar ta, da kuma dalilin da ya sa sayen ta kaɗai ba ya wadatarwa.

Darasi Daga Garmar Shanu

Kafin a kai ga kwamfuta, yana da kyau a fara da abin da kowane ɗan Zamfara ya sani. Tun daga ƙarshen shekarun 1920 ne ma'aikatar gona ta Turawan mulkin mallaka ta fara yaɗa noma da shanu a Arewacin Nijeriya. Garmar da ta fi karɓuwa ita ce mai suna Emcot, wadda kamfanin Ransomes na ƙasar Ingila yake ƙerawa, daga baya kuma kamfanin John Holt ya riƙa ƙera ta a Zariya. Da tafiya ta yi tafiya, maƙeran gida suka koyi yin bakin garmar da ƙarfen tsofaffin motoci, sannan suka koyi ƙera ta ɗungurungum. Wannan ci gaba ne babba, domin ya sauƙaƙa farashi, ya kuma kawo garma kusa da manomi.

Sai dai akwai wani abu da ya ɓace a hanya. Garmar kamfani tana da zane guda ɗaya, kuma kowane sashe nata yana da lamba. Saboda haka bakin garmar da aka ƙera bana zai shiga jikin wadda aka ƙera shekara goma da suka wuce. Maƙeri kuwa daga wata garmar yake kwaikwayo, wanda ya koya a wurinsa ya kwaikwayi tasa, kowa yana ɗan ƙarawa ko ragewa. Shi ya sa sau da yawa manomi kan ɗauki tsohon bakin garmarsa ya tafi da shi kasuwa don a gwada, domin idan ramukan noti suka saɓa ko da da faɗin ɗan yatsa ne, sabon ba zai zauna ba. A tsakiyar damina, lokacin da ƙasa ta jiƙa kuma shanu suna ɗaure, kwana biyu na neman bakin garma ba ƙaramar asara ba ce.

Akwai kuma misalin akasin haka a hannun kowane bakanike, wato boris. Idan mutum ya shiga shagon kayan gyara a Gusau ya ce a ba shi boris mai lamba 6205, zai samu wanda ramin tsakiyarsa milimita 25 ne, faɗinsa na waje milimita 52, ko a Japan aka yi shi ko a Sin ko a Jamus. Mai lamba 6206 kuwa raminsa milimita 30 ne, faɗinsa 62. Lamba ɗaya ta ɗauke wa mai saye da mai sayarwa dogon bayani. Dukan ilimin kula da rayuwar kayan ƙira a kan wannan tushe aka gina shi: kowane sashe ya samu suna guda da kowa ya yarda da shi, da zane guda da kowa ke komawa gare shi.

Kayan Ƙira Ma Suna Da Rayuwa

Masana sun kasa rayuwar abin da aka ƙera zuwa matakai. Da farko akwai tunani, inda ake tantance buƙatar da abin zai biya, alal misali injin da zai casa buhu kaza na masara a awa guda. Sai zane da gwaji, inda ake fitar da siffar kowane sashe, a ƙera samfuri, a gwada, a gyara. Daga nan sai ƙira mai yawa, inda ake sayen ƙarfe da sauran kayan haɗi, a yanka, a haɗa. Bayan an sayar, sai matakin amfani da gyara, wanda shi ne mafi tsawo, domin injin casa mai kyau kan yi shekaru yana aiki kuma yana buƙatar kayan gyara. Na ƙarshe shi ne ritaya, lokacin da za a wargaza abin, a narke abin da ke narkuwa, a zubar da saura.

A kowane mataki ana haifar da bayanai, kuma mutanen mataki na gaba suna buƙatar su. Mai sayen ƙarfe yana buƙatar sanin kaurin da mai zane ya zaɓa. Mai gyara yana buƙatar sanin irin boris ɗin da aka sa a injin da ke gabansa. Shi kuma mai zane yana buƙatar jin wane sashe ne ya fi karyewa a gona, don ya ƙarfafa shi a ƙira ta gaba. Ko matakin ƙarshe yana da nasa bayanin, wato sanin abin da ke cikin kayan. Mutanen Zamfara sun san illar dalma tun 2010, lokacin da gubarta, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ta hallaka yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Wannan dalmar ce dai ke cikin batirin mota da yawancin manyan baturan da ake haɗawa da farantan hasken rana. Kamfanin da ya rubuta abin da ya sa a cikin kayansa zai iya gaya wa jama'a sashen da bai kamata a fasa a tsakar gida ba.

Abin Da Girma Ke Jawowa

A ɗauka akwai wata masana'anta a Gusau mai ƙera injin casa, wadda ta buɗe wurin haɗa injuna a Bunguɗu da shagon kayan gyara a Tsafe. Lissafi mai sauƙi zai nuna inda matsala ke fitowa. Idan mutum biyar ne ke aiki tare, hanyoyin magana tsakanin kowane mutum biyu guda 10 ne. Idan suka zama arba'in, hanyoyin sun koma 780, wato 40 sau 39 a raba biyu. Ma'aikata sun ninka sau takwas, amma hanyoyin da saƙo zai iya ɓata ko ya sauya sun ninka sau 78.

Haka nan su ma injunan suna hayayyafa. Idan ana sa wa injin casar injin tuƙi iri uku, da raga iri biyu, kuma akwai mai taya da marar taya, to an samu iri 12 ke nan daga inji ɗaya, tun kafin a fara maganar gyare-gyare.

Yanzu a ce an lura boris yana yawan ci, sai maigida ya yanke shawarar a bar 6205 a koma 6206. A baki magana ce guda, amma a aikace sai an ƙara kaurin sandar ƙarfen da ke juyawa a cikinsa daga milimita 25 zuwa 30, sai an faɗaɗa gidan da boris ɗin ke zama, sai kuma an sake ramin duk wani abu da ke hawa kan sandar. Idan saƙon ya kai ga mai sayen kaya amma bai kai ga mai gyaran sandar ba, za a wayi gari da tarin boris da tarin sanduna waɗanda ba sa shiga juna. Idan ya kai Gusau bai kai Bunguɗu ba, za a riƙa fitar da injuna iri biyu da suna ɗaya. Bayan shekara guda, manomin da injinsa ya tsaya ana tsakiyar casa zai je shagon Tsafe, mai shago ya rasa wanne zai ba shi. Kowa a cikin waɗannan mutane ya yi aikinsa da gaskiya, amma kowa da bayanin da yake riƙe da shi.

Ayyukan Manhajar

Manhajar kula da rayuwar kayan ƙira tana yin manyan ayyuka huɗu.

Na farko, tana zama rumbu guda na zane-zane da bayanai. Idan wani ya ɗauko zane don ya gyara, sai manhajar ta kulle shi, ta yadda wani ba zai gyara shi a lokaci ɗaya ba. Idan ya mayar, sai ta ajiye sabon ba tare da goge tsohon ba, ta rubuta sunan wanda ya taɓa da ranar da ya taɓa.

Na biyu, tana riƙe jerin sassa. Wannan jeri kamar bishiyar dangi yake: injin casa ya ƙunshi gangar jiki da ganga mai juyawa da fanka da raga, ita ganga mai juyawa ta ƙunshi sanda da haƙora da boris biyu, haka har zuwa noti na ƙarshe, kowanne da lambarsa da adadinsa. Amfanin bishiyar shi ne ana iya hawa ta daga ƙasa. Idan aka tambayi manhajar ina da ina ake amfani da boris 6205, nan take za ta lissafo duk injunan da canjin zai shafa.

Na uku, tana tsara yadda ake canji. Duk mai son a sauya wani abu sai ya cike takardar neman canji, ya faɗi dalili. Takardar za ta bi ta hannun mai zane da mai sayen kaya da shugaban masu ƙira da mai kula da gyara, kowa ya duba ta ɓangarensa. Sai an amince ne sabon zane zai fita, tare da bayanin daga wane inji canjin zai fara aiki, da abin da za a yi da tsofaffin sassan da suka rage a sito. A nan akwai wata ƙa'ida da injiniyoyi ke girmamawa ƙwarai. Idan sabon sashe da tsoho za su iya maye gurbin juna ba tare da wani bambanci a siffa ko zama ko aiki ba, sai a bar lambar, a sauya harafin gyara kawai, daga A zuwa B. Idan kuwa ba za su iya ba, to dole ne a ba sabon sashen sabuwar lamba.

Na huɗu, tana bin sawu. Kowane injin da ya fita yana da lambar jiki, kuma manhajar ta san sassan da ke cikinsa. Idan aka gano wani rukunin boris ba shi da kyau, ana iya sanin injunan da aka sa wa shi, a nemi masu su kafin ɓarna ta auku.

Inda Abin Ya Samo Asali

Ana danganta farkon wannan tsari da wani kamfanin motoci na Amurka mai suna American Motors. A 1985 kamfanin yana fama da ƙarancin kuɗi idan aka kwatanta da manyan abokan gasarsa, sai shugaban injiniyoyinsa, François Castaing, ya nemi hanyar gaggauta fitar da sabuwar mota, wadda daga baya ta zama Jeep Grand Cherokee. Suka koma yin zane da kwamfuta, sannan suka tara dukan zane-zane da takardu a rumbu guda da kowa ke iya dubawa, abin da ya rage saɓani da canje-canje masu tsada. Da kamfanin Chrysler ya saye su a 1987, sai ya faɗaɗa tsarin zuwa sauran sassansa. Abin lura shi ne ƙaramin kamfani ne ya fara, kuma rashi ne ya tura shi.

A yau fitattun manhajojin wannan fanni sun haɗa da Teamcenter ta kamfanin Siemens na Jamus, da Windchill ta kamfanin PTC na Amurka, da ENOVIA ta kamfanin Dassault Systèmes na Faransa. Akwai kuma waɗanda ke aiki ta intanet kai tsaye, irin su Arena, waɗanda ƙananan kamfanoni masu tasowa suka fi nema saboda ba sa buƙatar sayen manyan na'urori.

Darussa Biyu Masu Tsada

Mallakar manhaja ba ya hana kuskure, kuma tarihi ya tabbatar da haka. Kamfanin Airbus na Turai, lokacin da yake ƙera katafaren jirginsa A380, ya raba aikin tsakanin ƙasashe. Injiniyoyin Jamus suna zane da tsohon zubi na manhajar CATIA, na Faransa kuwa suna amfani da sabon zubi, kuma biyun ba sa karanta bayanan juna yadda ya kamata. Jirgin yana ɗauke da wayoyin lantarki da tsawonsu ya kai kimanin kilomita 500. Da aka zo haɗawa a birnin Tulus na Faransa, sai aka tarar wayoyi da yawa sun gaza kai inda aka nufa da su. A 2006 kamfanin ya sanar da jinkiri, kuma sai a watan Oktoba na 2007 aka miƙa jirgi na farko ga kamfanin jiragen Singafo, bayan an makara da kusan shekara biyu an kuma yi asarar biliyoyin kuɗi. Suna da rumbu, amma rumbun ya kasu biyu.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Wasu ƙananan motocin kamfanin General Motors na Amurka suna da makunni mai rauni, ta yadda ɗan girgiza ko nauyin tarin makullai kan juya shi, mota ta mutu ana cikin gudu, jakar iskar da ke kare direba kuma ta ƙi buɗewa idan an yi karo. A 2006 aka gyara makunnin, aka ƙara tsawon wani ɗan tsinke da ke cikinsa da milimita 1.6, amma ba a sauya lambar sashen ba. Saboda haka masu binciken kamfanin suka shafe shekaru suna mamakin dalilin da ya sa tsofaffin motoci ke yin haɗari sababbi ba sa yi, alhali takardu sun nuna makunni ɗaya ne. Sai a 2013 wani injiniya daga waje, wanda ke aiki a kan wata shari'a, ya wargaza tsohon makunni da sabo ya gwada su, ya ga bambancin. A 2014 kamfanin ya janye motoci kimanin miliyan 2.6, kuma asusun diyyar da ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Manhaja tana ajiye abin da aka gaya mata ne kawai. Tunda an gaya mata sashen bai sauya ba, haka ta riƙa faɗa wa duk wanda ya tambaya.

Yadda Ake Karɓar Tsarin

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Masana'anta mai saurin girma kan ga kamar ba ta da lokacin tsara takardu, alhali duk watan da ya wuce sassa ƙaruwa suke yi, aikin tsarawa yana ƙara nauyi. Alamun lokaci ya yi sun haɗa da samun zane biyu na abu ɗaya a hannun mutum biyu, da sayen kayan da aka daina amfani da su, da tsayawar aiki duk ranar da maigida ya yi tafiya.

Mataki na farko, kuma mafi wahala, shi ne tsaftace bayanai. Akan tarar noti guda yana da suna uku: mai sito yana kiransa da girman sifanar da ke kwance shi, mai walda yana kiransa da wurin da ake sa shi, mai sayen kaya kuma da sunan shagon da yake sayowa. Dole a zauna a haɗe sunayen, a ba shi lamba guda, a auna sassan da ba su da zane a zana su. Idan aka kwashi hargitsi aka zuba wa kwamfuta, hargitsin za ta riƙa mayarwa, cikin sauri kuma.

Mataki na biyu shi ne amincewa da dokar canji: wa ke da ikon nema, wa ke da ikon sa hannu, cikin kwana nawa. Idan masu sa hannu suka yi yawa, ƙaramin gyara zai ɗauki makonni, ma'aikata su gaji su koma yin canji a ɓoye. Idan suka yi kaɗan, za a manta da wanda canjin zai shafa.

Mataki na uku shi ne farawa da inji ɗaya maimakon a kwashi komai lokaci guda, a ga inda tsarin ke cije wa, a gyara, sannan a ƙara. Na huɗu shi ne horar da mutane da kwantar musu da hankali. Tsohon ma'aikacin da ya shekara ashirin yana riƙe da awo a kansa zai iya ganin rubuta shi kamar miƙa sirrin sana'arsa ne. Yana da kyau a nuna masa cewa manhajar tana iya taƙaita wanda zai ga kowane zane, kuma sunansa na nan a kan duk gyaran da ya kawo. Na ƙarshe shi ne rufe tsohuwar hanya. Daga ranar da aka sa, duk zanen da bai fito daga rumbu ba, ba za a yanka ƙarfe da shi ba, ko da maigida ne ya kawo shi. Idan shugaba ya karya wannan doka sau ɗaya, sauran ma'aikata sun samu izini ke nan.

Ƙalubale A Zamfara

Gusau ba baƙuwar masana'antu ba ce. Tun zuwan jirgin ƙasa a ƙarshen shekarun 1920 ta zama cibiyar auduga da gyaɗa, kuma a shekarun 1960 aka kafa mata masaƙa. Sai dai mai son kafa irin wannan tsari a yau zai yi la'akari da abubuwa uku. Manyan manhajoji da kuɗin waje ake biyan su, yawanci a kan kowane mai amfani duk shekara, wanda ya fi ƙarfin ƙaramar masana'anta. Wutar lantarki ba ta da tabbas. Ita ma intanet haka: a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, sai bayan kimanin wata guda aka maido da na Gusau, sauran yankuna kuwa suka daɗe fiye da haka. Masana'antar da dukan zanenta ke can cikin intanet ba tare da kwafi a gida ba, da ta zauna hannu rabbana.

Duk da haka hanya a buɗe take, domin ƙa'idojin ba su dogara da tsadar kayan aiki ba. Littafin rijista mai shafi guda ga kowane sashe, da lamba da zane da harafin gyara, da wani littafin na canje-canje, da lambar jiki da aka buga a kan kowane inji, sun isa a fara. Daga nan sai a koma jadawalin kwamfuta. Akwai kuma manhajojin kyauta, irin su FreeCAD ta zane da ERPNext mai iya riƙe jerin sassa, waɗanda ake iya girkawa a kwamfutar masana'anta. Wanda ya saba da littafi, ranar da ya samu halin sayen babbar manhaja zai tarar ya riga ya yi rabin aikin. Haka nan idan cibiyoyin bincike, irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, suka fitar da samfurin inji don maƙera su kwaikwaya, bin zane da lambobin da suka zo da shi zai sa kayan gyaran wannan rumfa su shiga injin waccan.

Aiki Ga Ɗalibai Da Malamai

Malamin fasaha ko na zane zai iya gwada wannan darasi a aji da tsohon keke ko tocila. A kasa ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya kwance wani ɓangare, ya ƙirga sassan, ya auna su, ya ba su lambobi, sannan a haɗa bishiyar sassa a allo. Daga nan sai malam ya kawo canji guda, alal misali a ce za a ƙara girman batirin tocilar, ya nemi ɗalibai su gano duk sassan da abin zai shafa, su kuma yanke hukunci a kan wanne zai samu sabuwar lamba, wanne zai samu sabon harafi kawai. Ɗalibin da ya ƙware a wannan ya kama hanyar wata sana'a da masana'antu ke nema, kuma zai iya zurfafa iliminsa na kwamfuta ko na fasaha a makarantun da ke kusa da shi, kamar Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda.

Kammalawa

An ga cewa girman masana'anta yana ninka hanyoyin da bayani ke ɓacewa, kuma manhajar kula da rayuwar kayan ƙira tana magance haka ta hanyar rumbu guda, da jerin sassa, da dokar canji, da bin sawun abin da aka sayar. An kuma ga, daga labarin Airbus da na General Motors, cewa amfaninta ya rataya ne a kan gaskiyar abin da mutane suka shigar mata da kuma biyayyarsu ga dokar da suka kafa wa kansu. Hausawa na cewa tun ran gini, tun ran zane. Rumfar da ta fara ba sassanta lamba tun tana da yara biyar ita ce za ta iya ɗaukar arba'in ba tare da ta ruɗe ba, kuma manomin da ya sayi injinta zai samu abin gyara da ya dace ko bayan maigidan da ya ƙera shi ya bar aiki.